Sunan da Ban Kira Ba a Wurin Miƙa Ruwa

Handsworth, Birmingham,
Asabar, 20 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Manchester lafiya, kekunan nan biyu kuma ba su ƙarje a bayan motar Alhaji Isiyaka ba. Allah Ya sa ka shiga sabon ɗakin a sa'a, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari, Ya tsare ka a kan kwalta da kan dutse.

Mahaifiyarka ta rasu ranar Lahadi, sha huɗu ga Satumba, da ƙarfe biyu da minti goma na rana, a hawa na uku na asibitin da ka sani. Yau wata goma sha bakwai da kwana shida ke nan. An kwantar da ita ranar Alhamis da hantsi. Ranar Juma'a ka je ka yi mata sallama, ta ce ka tafi tserenka na keke, ta kuma tambaye ka ko ka wanke gorunan ruwa. Da la'asar kai da Alhaji kuka kama hanyar Wales. An tashi tseren ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya da rabi. Na duba takardar lokutan daga baya, na ga kowane zagaye yana cin ka kusan minti goma sha huɗu, saboda haka lokacin da ta cika kana gab da ƙarasa zagaye na uku cikin shida. Ka zo na uku. Na buga maka waya ƙarfe uku da rabi, bayan na tabbata ka sauka daga keke, na ce maka abin ya zo farat ɗaya, babu wanda ya yi zato. An yi jana'iza ranar Talata bayan azahar.

Duk abin da ke sama gaskiya ne, ban da maganar da na faɗa maka a waya. Gyaran wannan magana ya sa na ɗauki alƙalami. Na sani sarai in ka gama karantawa mai yiwuwa ba za ka so sake ganina ba, kuma kai kaɗai ka rage mini. Duk da haka zan rubuta. Jiya kana ɗaure kekuna ina tsaye a bakin ƙofa, ka ce, "Baba, sai na leƙo." Na ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya." Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya, abin da na iya haɗa maka na guzuri ke nan. Ba zan ba ka labarin unguwa ba, kwana ɗaya bai isa ya canza ta ba. Kurakuraina zan jero maka yadda suka faru, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Na farko ya girme ka. Kakanka, wanda ka ci sunansa, mai gyaran keke ne a bakin tasha a Funtuwa. Ka ji ina ce wa mutane ɗan kasuwa ne. Ba ɗan kasuwa ba ne. Yana da benci ɗaya, da famfon hannu, da kwanon ruwa da yake tsoma tub ɗin taya a ciki yana neman inda iska ke fita. Da na shiga makarantar kwana, 'yan ajinmu suka sa mini ɗan mai faci, sunan ya bi ni shekara biyar. Na ƙudurta a raina cewa duk inda keke yake, ni da zuriyata za mu yi nesa da wurin. Da wannan ƙuduri na yi karatu, da shi na samu tallafin da ya kawo ni Birmingham, da shi na yi digirin ƙarshe a kan kimiyyar ƙasar noma. Ranar da ka dawo daga makaranta kana ɗan shekara goma sha ɗaya da wata takarda ta council, wato ƙaramar hukuma, wai ana koya wa yara hawan keken dutse a lambun unguwa ranar Asabar, har da aron keken, na sa hannu ban karanta ba. Na ɗauka wasa ne da sanyin hunturu ɗaya zai kashe.

Bai kashe ba. Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, council ta rufe ƙungiyar yaran ta lambu, aka kwashe kekunan, yaran da kuka fara tare suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ji sanyi a raina, ban ɓoye wa kaina ba. Mahaifiyarka kuwa ta ɗauki mayafinta ta tsallaka gida uku wurin Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi mai tuƙa bas, ta roƙe shi aron bayan motarsa duk Lahadin da ba ya aiki. Haka tserenka ya tsira, ba da hannuna ba. Sannan da ka kai sha bakwai ka ce ba za ka shiga jami'a ba tukuna, tsere za ka bi, na faɗi maganar da na san ba ka manta ba. Na ce na ƙetare teku na yi digiri uku domin jikan mai faci ya koma kan keke. Ka tashi ka hau sama. Mahaifiyarka tana kwashe kwanuka, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, da facin nan aka saya maka akwatin makaranta."

Abin da zan ce maka a nan shi ne, kada ka raina hannun da ke baƙi da mai. Yanzu ka zama ɗan tseren da ake biya, ƙungiya za ta ba ka makaniki mai kula da kekenka. Ka san sunansa da na 'ya'yansa. Ka gaishe shi kafin ka gaida mai horar da ku. In ka dawo daga laka kada ka jingina masa keke ka wuce kamar wanda ya ajiye shara. Ranka yana hannun wanda ya ɗaure birkinka. In wani ya tambaye ka inda ka gaji keke, ka ce kakanka, ka faɗi sana'arsa yadda take.

Akwai abin da ba ka sani ba a cikin shekarun nan. Duk Lahadin da ka dawo daga tsere kakan wanke keke a tsakar bayan gida, lakar ta taru a bakin magudana. Litinin da safe kafin in tafi aiki nakan fita da cokali da ƙaramar leda in kwashi kaɗan. Jan yashi mai tsakuwa mulmulalliya, na san dajin Cannock ne. Baƙar ƙasa mai laushi da ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, arewa ce. Toka-toka mai ƙyalli da kaifi a yatsa, Wales. Nakan rubuta rana a jikin ledar in ajiye. Suna nan a aljihun teburina na ƙasa, sun cika shi har ba ya rufuwa sosai. Na san kowane tudu da ka hau ta wurin ƙasarsa, na san ranar da aka yi muku ruwa da ranar da ƙura ta tashi. Amma ko sau ɗaya ban tsaya a bakin ƙofar bayan gida na ce maka, na nawa ka zo yau ba. Shekara goma ban je kallonka ba. Ina ganin abin da nake yi da cokali ya isa ya zama kulawa.

Bai isa ba. Kulawar da aka kulle a aljihun tebur mai ita kaɗai take yi wa amfani. In ka ga abokin tserenka ya yi abin kirki, faɗa masa a ranar. In Allah Ya ba ka mata, Ya ba ka ɗa, kada ka tara musu shaida a ɓoye kana jiran su gano bayan ranka.

Mahaifiyarka ce take zuwa wurin tseren. Kai ka san yadda take tsayawa a wurin miƙa ruwa, wanda kuke cewa feed zone, ni kuwa a bakin Alhaji na ji. Takalmin roba a ƙarƙashin atamfa, da rawayan mayafin nan da ba ta sa shi sai ranar tsere. Ta ɗora gindin gorar a kan yatsu, hannu a miƙe, ba ta damƙe ta ba, yadda in ka zo a guje za ka zare ta kamar ba a riƙe ba. Sannan ta kira sunanka da iyakar muryarta. Wannan na ƙarshen ne ya tayar mini da hankali. A gidan da ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da wasa, balle kai da sunan surukinta ke kanka. A gida ba ka taɓa jin ta ce maka komai ba sai ɗan nan, ko mai keken. Na same ta a kicin na ce, "An ce kina kiran sunan Baba da ƙarfi a gaban Turawa."

Ta ce, "Wa ya ce? Alhaji ko? Bakinsa ba ya rufuwa sai in yana cin tuwo." Sai ta ajiye ludayi. "Malam, yara talatin ne suke gangarowa lokaci ɗaya, laka ta rufe kowa, ba ka gane ɗan wa ye wannan. Shi ma ba ya gani, gumi ya cika masa ido. In na tsaya kunya ɗana ya sha ƙishirwa. Kunyar tana nan gida tana jirana, in na dawo sai in ɗauki abata."

Na ɗauka raunin mata ne. Ashe ita ta fahimci ƙasar nan, ni da nake nazarinta ban fahimta ba.

Yanzu ga kuskure na biyu, wanda shi ne dalilin takardar. Ranar Asabar, kwana ɗaya kafin rasuwar, bayan la'asar, likita ta kira ni waje. Ta yi magana a hankali, ta ce ciwon ya ci hanta fiye da yadda suka zata, ba maganar watanni ake yi ba yanzu, in akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo yau. Daga inda kake zuwa asibitin tafiyar awa uku ce. Na koma ciki, mahaifiyarka ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni abin da aka ce ba. Cewa ta yi, "Malam, buga wa ɗan nan waya." Na ce to. Na fita baranda da wayar a hannuna, na nemo lambarka, na tsaya ina kallonta. Bayan kamar minti biyar na dawo na ce mata ba ta shiga, babu sabis a cikin duwatsun. Ta sake roƙona bayan magariba, na sake fita, na sake dawowa da amsa ɗaya. Da safe ta tambaya karo na uku. Ban buga ba ko sau ɗaya.

Na gina wa kaina hujja mai kyau, irin wadda ake rubutawa a rahoto. Na ce a tseren nan ne masu zaɓen 'yan ƙungiyar ƙwararru za su kalle ka, ƙofofi suna ta rufuwa a shekarun nan, in ka rasa wannan ba lallai wata ta buɗe ba, kuma ita da bakinta ta ce ka tafi. Na ce za ta kai Litinin. Duk na auna, na ga lissafin ya fita. Wata goma sha bakwai ina sake duba shi, kuma ga abin da na samu a ƙarƙashinsa: tsoro nake ji. Ban san yadda zan fara maganar da kai ba. Ban taɓa yi maka magana mai nauyi ba sai ta faɗa. Na ji tsoron in ji kukanka a waya in rasa abin cewa. Ni da na shekara goma ina adawa da tserenka, rana ɗaya na mai da shi garkuwata.

Da ƙarfe ɗaya ta wuce ranar Lahadi ta buɗe ido ta ce, "Sun tashi?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Wa zai miƙa masa ruwa?" Na ce Alhaji. Ta ce, "Ka ce masa kada ya damƙe gorar." Bayan wannan ba ta ƙara wata magana ta duniya ba, sai kalmar shahada da nake laƙƙana mata tana bi da leɓe. Ta tafi tana zaton duwatsu ne suka hana ka zuwa. Ni ne.

Ba zan ce ka yafe mini a wannan sakin layi ba, ba ni da hurumin gaggauta ka. Shawarar kawai zan ba ka, domin na saye ta da tsada. Kada ka yanke wa wani hukuncin abin da zai iya ɗauka. Labarin da yake nasa, ba shi abinsa, ko da zai rushe masa ranar. A sana'arka za ka haɗu da masu ɓoye maka abu wai don alherinka, kuma kai ma zuciyarka za ta raya maka ka ɓoye. Za ka faɗi ka bugi kanka a dutse, ka tashi kana ganin biyu-biyu, ga tsere gobe, ka ce bari in yi shiru har a gama. Kada ka yi shiru. Faɗa wa likitan ƙungiya a ranar. Duk lokacin da ka ji hujjar yin shiru ta fito tsaf babu ko tangarɗa, tsaya ka duba ƙarƙashinta, sau da yawa tsoro ne ya sa riga mai kyau.

Kuskure na uku ka gan shi da idonka, amma ba ka ga cikinsa ba. Watan Mayun bara, tseren dajin Cannock, Alhaji yana da aiki, na ce ni zan miƙa maka ruwa. Ka dube ni ka ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce na tabbata. Na karanta littafin dokokin sau biyu. Na san ba a bin ɗan tsere da gudu, ba a tsallake layi, ba a watsa masa ruwa. Na sa kwat ɗina mai ruwan toka da takalmin ofis, na tsaya cikin mutum kusan arba'in, yawancinsu da riguna masu ruwan toka irin tawa. Rana ce mai zafi. A zagaye na biyu na hango ka kana na huɗu, kana gangarowa, kanka yana juyawa dama da hagu. Na san rawayan mayafi idonka yake nema, ko da kai ba ka sani ba. Na ɗaga gorar, na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ka wuce.

A zagaye na uku na ce, "Kai." Ko wanda ke gefena bai waiwayo ba. Wata Baturiya mai jiran nata ɗan ta lura, ta taɓa hannuna ta ce in gaya mata sunanka ita za ta kira mini. Na ce na gode, ba sai ta wahala ba. Dubi wannan da kyau: an miƙo mini mafita, na ƙi karɓa, domin ko a kunnenta ba zan iya faɗar sunan ba. A zagaye na huɗu ka gano ni da kanka. Ka ja birki, ka sa ƙafa ƙasa, abin da ɗan tsere ba ya yi, leɓɓanka sun yi fari. Ka kama gorar, ni kuwa na damƙe ta da dukan yatsuna har sai da ka fizga. Saƙon da ta bar wa Alhaji, ni na fara karya shi. Ka gama a can baya, ƙafafunka suna ɗaurewa.

A hanyar dawowa muka tsaya a wata danja. Ka ce da Turancinka na 'yan Birmingham, kana kallon taga, "Baba, ka ma san sunana kuwa?" Na ce maka ba a yi wa uba magana haka. Danja ta ba da hannu, na ja motar Alhaji da na aro.

Amsar da ta kamata in ba ka ita ce wannan. Ni ma ɗan fari ne. Kakanka bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, kai ɗan makaranta yake ce mini. Ban taɓa jin zafin hakan ba ko na rana ɗaya, domin a gidanmu akwai kakata, da baffannina biyu, da gwaggo, da matan maƙwabta, sunana yana yawo a bakinsu daga asuba har dare. Su ke goya ni, su ke yaba ni, su ke yi mini kirari. Shirun uba a cikin wannan hayaniya girmamawa ce, kowa ya san fassararsa. Na ɗauko shirun na kawo shi Handsworth, na bar masu hayaniyar a Funtuwa. Gidanmu mutum uku ne. Mutum ɗaya ce take kiran sunanka, ita ma sai a daji ranar Lahadi. Da ta tafi, sai ya zama babu mai faɗarsa sai mai kawo wasiƙu da mai lasifika a wurin tsere. Babu wanda ya taɓa zaunar da kai ya bayyana maka al'adar. Abin da ka gani shi ne uba da ba ya kiran ɗansa.

Ba na ce ka zubar da abin da muka gada ba. Akwai da yawa a ciki da zai riƙe ka a garin da ba ka san kowa ba. Amma kafin ka riƙe al'ada, duba ko waɗanda suke riƙe ɗaya gefenta suna nan tare da kai. In ba sa nan, nauyinsu ya dawo kanka.

Alhaji ya san labarin Cannock, bai san na asibiti ba, kai ne na farko da ya ji. Tun watan jiya, duk ranar da ba ya aiki yakan zo da tsohon keken matarsa mai kwando a gaba mu tafi lambu. Ya hau, mutum mai shekara sittin da tumbinsa, ya taho yana tangaɗi, ni kuma in miƙa masa gora. Ranar farko gorar ta faɗi sau shida. Ya ce, "Dakta, digiri uku, gora ɗaya ta gagare ka. Sake ta mana, ba takardar shaidarka ba ce." Yanzu na iya. Gindi a kan yatsu, hannu a miƙe, ido a kan fuskar mai zuwa ba a kan gorar ba. Makon jiya ya tsaya yana haki ya ce, "To saura kira. Ka ɗauka ni ne yaron." Ya koma ya taho, na miƙa, ya karɓa, ban kira sunan ba. Ya zagayo ya ce, "To mu fara da mai sauƙi, kira nawa." Na ce, "Isiyaka." Ya ce, "Haka ake kiran wanda ke asibiti. Da ƙarfi." Na kira har wata mata mai kare ta waiwayo. Ya ce, "Madalla, maƙogwaron lafiya yake. Matsalar a wani wuri take." Sai ya ba ni shawarar in ɗaura rawayan mayafin a hannu, ka gan ni ba sai na kira ba. Na yi tunani a kai kwana biyu. Dabara ce mai kyau, kuma irin dabarata ce ta barandar asibiti. Na bar mayafin a ninke inda ta bar shi.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Manchester ta fi nan ruwa, kada ka zauna da jiƙaƙƙun kaya bayan horo. Ka yi rajista da GP, likitan unguwa, a makon farko, kada ka jira sai ka ji ciwo, layin yana da tsawo a zamanin nan. Ka nemi masallacin da ya fi kusa da flat ɗin da ka kama haya a Salford, nan gefen Manchester, akwai ɗalibai 'yan gida a can, ko Hausarka tana tuntuɓe ka gaishe su da ita. In tafiya ta kama ka yi sallar matafiyi, Allah Ya sauƙaƙa, amma kada ka bari ta wuce. Kada wani abu ya shiga jikinka, ko ƙwaya ko gari ko allura, sai ka san sunansa kuma ka ga an rubuta shi, ko da wanda ya miƙo maka yana murmushi. Sana'arka gajeriya ce. Ƙungiyoyi suna rushewa a shekarun nan kamar yadda ƙungiyar lambu ta rushe, sashena a wurin aiki ma an haɗe shi da wani, kwana uku kaɗai nake zuwa aiki. Ranar da aka sallame ka, in ta zo, kada ka ɗauka kai aka soke. Kuma ka samu mutum ɗaya a garin nan wanda za ka iya gaya wa cewa yau ba ka jin daɗi. Ni ban samu ba, ba don babu ba, don ban nema ba.

Gidan ya yi faɗi. Da safen nan na fita bayan gida, magudanar tas take, babu abin kwasa. Na tsaya da cokalin a hannu kafin in tuna.

Na ga jadawalinku a jikin firij inda ka manta shi. Tseren farko na bana saura mako biyar, a dajin Cannock kuma. Na san yanzu ƙungiya tana da ma'aikacinta mai miƙa ruwa, ba ka bukatata. Roƙona zagaye ɗaya ne, ko wanne ka zaɓa, a ba ni in tsaya a wurin. In ka ga bai dace ba, zan tsaya bayan igiya tare da 'yan kallo. In ka ce kada in zo ko kusa, aiko da kalma ɗaya ta hannun Alhaji, ba zan zo ba, kuma ba zan ga laifinka ba.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da abin da ta yi mana mu biyu. Allah Ya kiyaye ka a gangara da hawa, Ya tsare ƙashinka da kanka, Ya raba ka da mugun aboki, Ya dawo da kai daga kowane daji da ƙafafunka. Ya ba ka nasara in alheri ce, Ya ba ka haƙuri ranar da babu ita. Amin.

Abin da ya rage kaɗan ne, kuma na san shi. Gafarar mahaifiyarka ban nema ba tana da rai, wannan ya wuce hannuna. Taka ban samu ba tukuna. Sunanka na rubuta shi cikakke a bayan ambulan, domin gidan waya ba ya kai takarda babu suna. Ban faɗe shi da bakina ba har yanzu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sulaiman